Mararaba gari ce ko masauki?

Abban Sadiq, Kabayi
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya hana ni barci jiya, na ce bari in kawo shi zauren nan. Babban ɗana yana cike takardar neman shiga jami'a, sai ya iso inda ake tambayar garin mutum da ƙaramar hukumarsa. Ya ce, "Abba, me zan sa?" Na ce Funtuwa mana. Ya yi shiru, can ya ce, "Sau uku fa na taɓa zuwa Funtuwa, ko hanyar gidan Kaka ba zan gane ba." A nan Kabayi aka yanke masa cibi, a nan aka raɗa masa suna, a nan ya sauke Alƙur'ani. Ni kaina bana shekarata 21 a Mararaba, nan bakin iyakar Abuja ta ɓangaren jihar Nasarawa, amma har gobe in Sallah ta matso sai in ce za ni gida.

To ina tambaya: Mararaba gari ce, ko masauki ce da muke kwana mu tashi? Kuma manyanmu da suka riga mu zuwa, don Allah ku ba mu tarihin wurin nan, domin yawancinmu a cike muka tarar da ita.

Baba Mai Ritaya, Aso
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa yaron nan albarka, tambayarsa ta manya ce. Bari in faɗi abin da idona ya gani.

Mu daga Legas aka taso mu, lokacin da ma'aikatu suka fara ƙaura kaɗan-kaɗan a ƙarshen shekarun 1980. Amma maganar ta girmi zuwanmu. Janar Murtala ne ya sanar da ƙasa ranar 3 ga Fabrairun 1976 cewa za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas, bayan kwamitin Mai shari'a Akinola Aguda ya ba da shawarar wannan yanki. Kwana goma tsakani aka kashe shi, Allah ya jiƙansa. Aka yanko ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara, wajen murabba'in kilomita 8,000. Sai ranar 12 ga Disamban 1991 Babangida ya tare a Abuja.

Nyanya da kuke gani, sansanin leburori aka gina a wurin, domin masu aikin ginin birni da ƙananan ma'aikata. Ɗakuna ne a jere, na wucin gadi, kafin a gama gidaje a ciki. In ka wuce Nyanya ka tsallake iyaka, jihar Filato ka shiga a wancan zamani, don Nasarawa sai ranar 1 ga Oktoban 1996 Abacha ya ƙirƙiro ta. Abin da ke nan shi ne titin Keffi ɗan siriri, gonakin doya dama da hagu, ɗorawa da kaɗanya, sai 'yan rumfuna a inda hanyar Gurku ta rabu da babban titi, mata suna sayar da doya da itace. Sunan ma daga nan ya fito. Mararraba ce, inda hanya ta rabu, cikakken sunan kuwa Mararaban Gurku. Da na sayi filina a Aso, abokan aikina jaje suka riƙa yi mini, wai na koma daji.

A wurina gari ce. A nan na aurar da 'ya'ya biyar.

Ɗan Gurku
Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Duk abin da kuka faɗa haka yake, sai dai kalma ɗaya ta tsaya mini a rai, wato daji. Gonakin doyan nan da kuka gani, na iyayenmu ne. Matan da ke ɗauko itace a kafaɗa suna kawowa bakin titi, iyayenmu mata ne. Ni Gbagyi ne, ku kuna ce mana Gwari, ba na fushi da sunan, amma Gbagyi muke kiran kanmu.

Lokacin da aka zaɓi yankin nan an riƙa cewa ƙasa ce da ba ta kowa ba. Ta wasu ce. Akwai Gbagyi, akwai Gade, Gwandara, Koro, Bassa, Ganagana. Shirin farko shi ne a kwashe kowa a fitar da shi waje. Da aka yi lissafin kuɗin diyya aka ga ya yi yawa, sai gwamnatin Obasanjo ta canza magana a 1978, aka ce wanda aiki ya taka ƙasarsa kawai za a tayar. Wasu suka zauna, wasu suka tsallaka. Shi ya sa kuke ganin suna biyu-biyu: Karu ta Abuja da New Karu ta Nasarawa, Nyanya da New Nyanya, Wuse da Sabon Wuse can jihar Neja. Dangi ɗaya ne iyaka ta raba. Sarkinmu na wannan ɓangare Esu Karu, fadarsa tana nan New Karu, amma mutum nawa a zauren nan suka taɓa zuwa gaishe shi?

Kowa yana riƙe naira ashirin a aljihu, a bayanta akwai Ladi Kwali tana ginin tukunya. Tamu ce. Amma a cikin Mararaba yau da wuya ka ji yaro yana Gbagyi a kan titi. Ku kuna tambaya ko nan gida ne. Mu ba mu da wata Funtuwa da za mu tafi.

Baba Mai Ritaya, Aso
Ɗana, ka yi gaskiya, na karɓi gyara. Mutumin da ya sayar mini da fili har ya rasu yana aiko mini da doya duk kaka. Bai kamata in ce daji ba.

Injiniya Masaka
Malam Ɗan Gurku, ina girmama maganarka, amma a faɗi ɗaya a faɗi biyu. Ba wanda ya ƙwace filin Mararaba da bindiga. Sayarwa aka yi, aka karɓi kuɗi. Kuma yadda aka sayar ɗin ne ya jawo mana halin da muke ciki. Ni aikina awon ƙasa. Mutum zai tsaya a gonarsa ya auna da igiya, ya yanka ta gida-gida, bai bar hanya ba, bai bar magudanar ruwa ba, balle filin makaranta ko asibiti. Mai saye shi ma ya gine har kan iyaka, ya ƙara taku biyu. Yau akwai lunguna a Kabayi da Aso da motar kashe gobara ba za ta shiga ba, ko makara sai an karkata ta. Ruwan sama ya sauko, ba shi da hanya, sai ya bi ɗakunan mutane.

Ɗan Gurku
Injiniya, an sayar, ban musa ba. Amma ka tambayi kanka, manomin da aka kewaye gonarsa da gidaje ta kowane gefe, awaki suna cinye masa shuka, ana zuba masa shara a kunya, yaya zai yi? Kuma yanka hanya da fitar da magudana aikin manomi ne ko na hukuma? Wanda ya sayar ya ci kuɗin ya ƙare tun shekara ashirin. Wanda ya saya yana karɓar haya har yau. 'Ya'yan mai gonar wasunsu haya suke biya a kan gonar ubansu.

Injiniya Masaka
Wannan kam haka ne. Tsari ya zo a makare. Ko NAGIS, hukumar jihar Nasarawa mai yi wa filaye rajista da ba da takardar mallaka, sai zamanin Gwamna Al-Makura aka kafa ta, gari ya riga ya cika. Yawancin gidajen nan takardar mai unguwa ce kawai a hannun masu su, shi ya sa fili ɗaya ake sayar wa mutum biyu, wani lokaci uku. Shawarata ga duk mai shirin saye: kada ka biya sai ka ga dattawan gidan gaba ɗaya, ba ɗa guda ba, kuma ka je ka bincika a ofis.

Malama Hauwa, New Karu
Salamu alaikum. Ni tarihi nake koyarwa a sakandare, bari in ƙara wani abu don kada a ɗauka Hausawa sai da aka yi Abuja suka san yankin nan. Keffi tun farkon ƙarni na 19 take, Abdu Zanga ya kafa ta, kuma a ƙarƙashin Zazzau take. Hanyar fatake ce mai zuwa Binuwai. A Keffi ne Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi, Turawa kuma suka riƙe wannan cikin hujjojinsu na afka wa Kano a 1903. Ita kanta Abuja ta asali, wadda yanzu ake kira Suleja, Haɓen Zazzau ne suka kafa ta bayan jihadi, sunan daga Abu Ja ne. Ga Gwandara na Karshi, da kakanninsu suka ce daga Kano suka taso, harshensu kuwa duk duniya ba wanda ya fi shi kusa da Hausa.

Abin da nake nufi, zama tare a ƙasar nan tsoho ne. Sabon abu shi ne yawan. Da mutum yakan zo ya gaida mai gari, a nuna masa inda zai kafa bukka, a san shi a san ubansa. Yanzu mota ce take sauke kaya da dare, da safe ka ga sabon maƙwabci.

Maman Ilham, Ado
Malama, mu ne motar ta sauke da dare, kuma ba da son ranmu ba. A Karmo muke, can cikin Abuja, lokacin rusau. Da safe aka shafa jan fenti a bango, ba a daɗe ba katafila ta iso. Ina da goyo, ga tsohon ciki. Abin da muka iya fitarwa katifa ce da tukwane da akwatin takardu. Kwana biyu muka yi a fili. Wani direban tipa ɗan Zariya, Allah ya saka masa, shi ya kwaso mu har Ado bai karɓi ko kwabo ba. Layinmu kusan rabinsa mutanen Karmo ne da Idu, har yau in an haɗu a biki da sunan tsohuwar unguwa ake gane juna.

Saboda haka in kuna lissafin abin da ya cika Mararaba, ku sa rusau na tsakanin 2003 da 2007 a gaba. Birnin yana son mai shara, mai gadi, direba, mai wanki, malamar makaranta, amma bai tanadar musu wurin kwana ba. Ni ban zaɓi nan ba. Amma cikin da na zo da shi yanzu budurwa ce, kuma ba ta san ko'ina ba sai Ado.

Direban Along
Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Bayan rusau sai hana acaɓa a tsakiyar birni a watan Oktoban 2006. Ina cikin waɗanda suka gangaro da babur a lokacin. Dubban matasa ne, 'yan Kano, Katsina, Zamfara, har da 'yan Nijar, duk suka watsu Nyanya, Mararaba, Masaka. Sai 2013 aka hana ƙananan bas-bas da muke kira araba shiga ciki. Duk abin da aka kora daga birni nan yake sauka.

Ku zo ku ga titi da ƙarfe biyar na asuba. Daga Sharp Corner ta nan Mararaba zuwa AYA a cikin Abuja bai kai kilomita 20 ba, ranar Lahadi minti ashirin ya ishe ni. Ranar Litinin kuwa sai ka yi awa biyu, in tirela ta lalace a hawan Kugbo ka yi uku. Hanya ɗaya ce tal, mutanen Keffi, Uke, Auta Balefi, Masaka, One Man Village, Ado, New Nyanya, Mararaba, Karu, Jikwoyi, kowa ita zai bi, ga manyan motoci masu zuwa Jos da Makurɗi. An faɗaɗa titin, an ji sauƙi, amma mutane sun fi titi saurin ƙaruwa. Hanyar Apo zuwa Karshi da za ta rage mana nauyi tun 2011 aka ba da kwangilarta, shekaru suka yi ta wucewa ana jira. Jirgin ƙasan cikin birni da aka buɗe a 2018 ta wajen Idu da filin jirgin sama ya bi, bai leƙo ɓangarenmu ba, alhali nan jama'ar take.

Ina ɗaukar ma'aikata, ina jin hirarsu. Akwai wanda 'ya'yansa ba sa ganinsa sai Asabar. Ya fita suna barci, ya dawo suna barci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a 'yan kwanaki, na san masu kwana a ofis ko masallacin ma'aikata daga Litinin zuwa Alhamis. Abban Sadiq, mutumin da ba ya ganin unguwarsa da rana yaya zai ɗauke ta gari?

Sarkin Albasa, Orange Market
Malam direba, kai masu fita kake gani, ni masu shigowa nake gani. Ka zo kasuwa da ƙarfe huɗun dare. Albasa daga Aliero da Sakkwato, tumatir da tattasai daga Kano da Zariya, lemo daga Binuwai, dankali daga Jos, kankana, kabeji, karas. Kafin gari ya waye matan Wuse da Garki da masu otal-otal sun zo sun yi sari. Miyar da ake sha a Maitama daga hannunmu take fita. Mu ba ma zuwa Abuja, Abuja ce take zuwa wurinmu.

Yaran da ke sauke kaya a wurina sun fi ashirin. Ga kasuwar kayan gini, ga 'yan katako, ga makanikai, ga teloli, ga masu shayi. Waɗannan duk a nan suke wuni. Wanda ya ce Mararaba wurin kwana ce kawai, ma'aikacin gwamnati ne yake ba da labarin kansa.

Hajiya Mai Adashi
Alhaji ka faɗi gaskiya. Maza ku fita, mu muke riƙe da unguwa. Adashinmu mata 30 ne, akwai Bahaushiya, Bayarabiya, Igala, Eggon, Tibi, Ibo biyu. Shekara tara ba a taɓa cin kuɗin kowa ba. Da kuɗin adashi mata huɗu suka sayi injin markaɗe, ɗaya ta haƙa rijiya. In mace ta haihu ba a tambayar addininta kafin a kai mata ruwan zafi da kunu.

Amma maganar ruwa ta isa a yi kuka. Famfon gwamnati ni ban taɓa ganin ya zubo a layinmu ba. Mai hali ya haƙa burtsatse, marar hali ya jira 'yan ga-ruwa da kura. Da rani rijiyoyi su ƙafe, kuɗin jarka ya ninka. Taransifoma ta ƙone, gida-gida ake bi a tara kuɗi. 'Yan sintiri mu ke biyansu duk wata. Kwalbatin bakin layinmu gayya aka yi, Musulmi suka fito bayan Juma'a, Kirista suka karɓa ranar Asabar. Duk abin da ka gani yana aiki a unguwar nan, jama'a ne suka yi da hannunsu.

Lauyan Talakawa
Hajiya, kin taɓo inda ciwon yake, kuma a nan nake ganin laifinmu ne mu mazauna. Bari in yi magana ba ɓoye-ɓoye.

Na ɗaya, haraji. Dokar harajin albashi cewa ta yi jihar da mutum yake zaune ita ke da harajinsa, ba inda yake aiki ba. Ma'aikaci nawa ne a cikinmu adireshin da ke fayil ɗinsa na Abuja ne, ko na wani ɗan'uwa a Garki, alhali a Masaka yake kwana? Gwamnatocin Nasarawa sun daɗe suna kuka a kan wannan. Kuɗinka ya tafi wani wuri, sannan ka zo kana neman titi daga Lafiya, hedikwatar jihar Nasarawa.

Na biyu, ƙuri'a. Ranar zaɓe ku dubi tashoshin mota. Kowa ya tafi garinsu. Wasu kuma katinsu na Nyanya ne ko Karu ta Abuja. Ɗan siyasa lissafi yake yi, in unguwa tana da mutum dubu goma amma akwatinta ɗari uku yake fitarwa, da ɗari uku zai auna ta. Hukumar zaɓe tana ba da damar mayar da kati inda kake zaune, mutum nawa suka yi? Mun gina gida a nan, mun haihu a nan, amma zuciya tana can. Mai ƙafa biyu a jirgi biyu ai ruwa zai sha.

Abban Sadiq, Kabayi
Barista, maganar ta same ni. Katina na Funtuwa ne, kuma zaɓe biyu ke nan ban je ba saboda kuɗin mota.

Sadiya 'Yar Mararaba
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, ni ƙarama ce a zauren nan. An haife ni a nan, shekarata 24. Barista ya ce mu ɗauki nan gida. Mu mun ɗauka tuntuni, takarda ce ba ta ɗauke mu ba. Da zan shiga makarantar gaba da sakandare aka ce in kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Sai da Babana ya kai ni garinsu a jihar Yobe, wurin da ban taɓa kwana bakwai a jere ba, aka tambaye ni sunan mai unguwa ban sani ba, sai Baffana ne ya tsaya mini. A can ana ce mini 'yar Abuja. A Abuja ana ce mini 'yar Mararaba. A Mararaba kuma takarda ta ce ni baƙuwa ce.

Mu da muka tashi a nan Hausarmu ma daban take. Muna haɗa ta da Turancin buroka, in na je Yobe dariya suke yi mini. Ƙawayena na ƙuruciya ɗaya Mada ce, ɗaya Idoma, kuma da Hausa muke hira. Da Sallah su zo gidanmu cin nama, da Kirsimeti a aiko mana da shinkafa, Mamansu ma wurin mahaucin Musulmi take sayen naman saboda mu. In an ce in zaɓi inda za a kira garinmu, ni nan zan nuna.

Ɗan Gurku
Ƙanwata, na ji zafin maganarki. Amma ki fahimci tsoron da ke ɓangarenmu. Takardar nan ita ce abu na ƙarshe da ya rage mana. Ƙasa ta tafi, yawa ya tafi, harshe yana tafiya. In guraben karatu da na aiki na ƙaramar hukumar Karu suka zama na kowa, yaranmu ba za su samu ko ɗaya ba, kuma su ba su da wata jiha da za su je su nema. Ba ƙinku muke yi ba.

Lauyan Talakawa
Duka biyun kuna da hujja, kuma matsalar ta fi ƙarfin Karu, tsarin mulkin 1999 ne ya yi maganar ɗan asali wajen rabon muƙamai, ya bar mazauni a rataye. Sai dai ƙuri'a da haraji ba su buƙatar takardar asali. Ruwa da kwata da makaranta kuma in sun zo ba za su tambayi ƙabilar kowa ba. A nan ne za mu iya haɗuwa.

Malam Na Bakin Gada
Ina ta karantawa ban ce komai ba. Ni ranar da na san Mararaba gari ce, ranar baƙin ciki ce. Litinin 14 ga Afrilun 2014, da sassafe, bam ya tashi a tashar Nyanya, mutane suna layin shiga manyan bas. Sama da mutum 70 suka rasu. A daren ranar ne kuma aka sace 'yan matan Chibok. Ba a gama makoki ba, ranar 1 ga Mayu wani ya sake tashi kusa da wurin. Waɗanda suka mutu namu ne: masu shara, masinjoji, masu sayar da biredi, 'yan acaɓa, ɗalibai.

Ƙanena yana cikinsu. Kwana biyu muna zagaya asibitoci kafin mu same shi. Wanda ya riƙa tuƙa ni a motarsa duk kwanakin nan maƙwabcina ne, mutumin Binuwai, dattijo a cocinsu, shi ma yana neman ɗiyar 'yar'uwarsa. Ni na samu gawa, shi ya same ta da rai, ƙafa ta karye. Da muka dawo, 'yan'uwa daga gida suka bugo waya a kawo shi Gusau. Mahaifiyarmu tana wurina a lokacin, ta ce a'a, inda Allah ya karɓi ransa nan ƙasarsa take, kada a wahalar da shi a hanya. A nan muka yi masa sutura. Layin gaba ɗaya ya fito. Maƙwabcin nan nawa ya tsaya daga gefe har aka gama, sannan kwana uku matarsa tana aiko da abinci gidan makoki.

Bayan shekara huɗu ita ma tsohuwar ta rasu, muka sa ta kusa da shi. Yanzu ku gaya mini, in na tattara na koma Gusau, wa zan bar wa su?

Hajiya Mai Adashi
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu, ya sa Aljanna ce makoma.

Ɗan Gurku
Allah ya ba da haƙuri, Malam. Mu ma mun binne mutum biyu daga cocinmu a makon da abin ya faru.

Baba Mai Ritaya, Aso
Allah ya gafarta musu. Tun da an zo maganar maƙabarta, bari in faɗi abin da ya daɗe yana damuna. Wadda muke kai namu ta kusa cika, ba ta da katanga ta gefen rafi, ruwa yana cin ƙasa duk damina, masu gini kuma suna matsowa. Mun yi magana a masallaci sau biyu, kowa ya ce to, aka watse. Dalili kuwa kowa yana ganin shi a garinsu za a binne shi. Ni na riga na gaya wa 'ya'yana kada a kai ni ko'ina. In da gaske muke, a fara da wannan. A kuma nemi sabon fili tun yanzu ta wajen Gurku ko bayan Masaka, kafin shi ma a yanka shi gida-gida.

Injiniya Masaka
Baba, awo da zane na ɗauka, ba zan karɓi komai ba. A samo mini takardar filin kawai in ga iyakarsa.

Sarkin Albasa, Orange Market
Buhun siminti 20 daga wurina. Zan kuma yi wa shugabannin kasuwa magana.

Ɗan Gurku
Maganar sabon fili, kada ku bi ta hannun dillalai. Ku haɗa dattawa uku ko huɗu, ni zan raka ku wurin masu ƙasar, a yi magana a gaban mai gari, a rubuta. Tamu maƙabartar ma matsalarta ɗaya da taku, in za a je wurin ƙaramar hukuma gara a je tare. Akwai kuma ƙanen kakana, ya haura shekara 80, ya san sunan kowane rafi da dutse daga Nyanya har Gurku da Gbagyi, tun kafin a sa musu sunayen yanzu. Malama Hauwa, in kina so ki zo da ɗalibanki su ɗauki muryarsa, ƙarfinsa yana raguwa.

Malama Hauwa, New Karu
Ina so ƙwarai. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu. Sadiya, ki zo ki riƙe mana waya.

Abban Sadiq, Kabayi
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Yaron ya cike takardarsa, ya sa Funtuwa a wurin asali don ba yadda za a yi, a wurin adireshi ya sa Kabayi, Mararaba. Na ba shi wayata ya karanta abin da kuka rubuta, ya ce zai bi Malama zuwa Gurku. Ni kuma da an buɗe rajista zan mayar da katina nan.

Baba, taron maƙabarta Lahadi bayan La'asar ya yi muku? In ya yi, a ƙofar gidanku za mu haɗu, ni zan kawo tabarmi.

Baba Mai Ritaya, Aso
Ya yi. Ku zo da wuri, hadari yana haɗuwa da yamma kwanan nan.